Kafin Na'ura Ta Zo, Mun Ƙirga Ɗigo da Ido

Ranar walimar ritayata wata ɗaliba ta tare ni da murna, wai ta karanta cewa yanzu an gano ana kwafar maimaitaccen DNA zuwa RNA. "Baba, ashe ba shara ba ne!" Na ce mata, 'yata, zauna. Wannan "yanzu" ɗin ya girme ki.

A 1968 Britten da Kohne suka nuna cewa wani kaso mai yawa na DNA ɗin dabbobi nanata kansa yake yi. A 1970 Pardue da Gall suka gano inda satalayit ɗin ɓera, wani nau'in maimaitaccen DNA, yake zaune, wato a ƙugun kuromosom, kuma kusan kowa ya yarda wurin shiru yake, ba a kwafarsa. Da Ohno ya kira irinsa shara a 1972, sai sunan ya bi shi.

Ni a Ingila na koyi aikin, ƙarshen shekarun 1970, a hannun wata malama da ba ta yarda da komai sai abin da idonta ya gani. Muna ciro ƙwai daga cikin niyut, wata halittar ruwa dangin kwaɗo mai siffar ƙadangare. Da ɗan hantsaki za ka ciro cibiyar ƙwan, ka yage fatarta, kuromosom su baje kan gilashi da madaukansu, kamar burushin goge ƙwan fitila. Hannunka ya ɗan girgiza, aikin yini ya tafi. Sai a zuba DNA mai alamar tiritiyam, a tsoma gilashin cikin ruwan hoto a ɗaki mai duhu, a rufe a akwati, a sa firji. Makonni kana jira, ba ka da halin leƙawa. Na taɓa buɗe akwati kafin lokaci saboda ɗoki. Kwana uku malamar ba ta yi mini magana ba.

Da irin wannan haƙurin Varley da Macgregor da Erba suka nuna a 1980 cewa ana kwafar satalayit a kan madaukan nan: baƙaƙen ɗigo sun jeru a kansu. Shekara guda bayan haka ɗakin binciken Gall ya nuna yadda abin yake faruwa: folimeres, mai kwafar DNA zuwa RNA, yana farawa daga ƙwayar gado ta histon, ya ƙi tsayawa a inda ya kamata, ya zarce cikin satalayit.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne, da na'urorin karanta jerin DNA suka zo, manhajojinsu sukan watsar da duk guntun da ya dace da wurare da yawa. Wato an zubar da ainihin abin da muke nema, sannan aka dawo ana mamakinsa. Ƙugun yawancin kuromosom ɗin mutum ma sai a 2022 aka karanta shi cikakke.

'Yata, kafin ki rubuta "a karon farko" a kundinki, je ki ɗakin karatu ki nemo takardun 1980 da 1981, ki dubi hotunan da kyau.