Yadda ake binciken wayoyin lantarki a tsofaffin majami'u

A ranar 15 ga watan Afrilun 2019 gobara ta cinye rufin majami'ar Notre-Dame da ke birnin Paris, ginin da aka aza harsashinsa tun a shekarar 1163.

Masu gabatar da ƙara na Faransa sun ce ba su ga alamar ganganci ba, inda suka fi karkata ga abubuwa biyu: guntun taba sigari ko kuma matsalar lantarki. Sai a watan Disambar 2024 aka sake buɗe majami'ar.

Lamarin ya jawo hankali ga wani haɗari da ke ɓoye a tsofaffin majami'un Turai, waɗanda aka gina ɗaruruwan shekaru kafin zuwan wutar lantarki.

Inda haɗarin yake

Tun da ba a yi wa lantarki tanadi a irin waɗannan gine-gine ba, akan bi da wayoyi ta cikin rufi da ƙarƙashin daɓe, kusa da katakon da ya bushe ƙayau.

A Birtaniya, kafin shekarun 1960, akasarin wayoyin da roba aka naɗe su. Idan robar ta tsufa takan bushe ta farfashe, ta bar waya tsirara. Danshin bangon dutse kan ci mahaɗar wayoyi, ɓeraye kuma su gwigwiyi abin da ya saura.

Sai kuma batun lodi. Wayar da aka ja domin ƴan fitilu, a yau ita ke ɗauke da na'urorin ɗumama ɗaki da lasifikoki da manyan fitilu.

Kayan da ake jonawa ma kan zama sanadi. Gobarar fadar Windsor ta Ingila a watan Nuwambar 1992 ta tashi ne daga ɗakin ibada na fadar, bayan da wata fitila mai zafi ta kunna labule. Fiye da ɗakuna 100 ne suka lalace.

A Masar kuwa, mutane 41 ne suka rasu a majami'ar Abu Sifin da ke Giza a watan Agustan 2022, a gobarar da hukumomi suka danganta da matsalar lantarki a na'urar sanyaya ɗaki.

Matakan bincike

A Cocin Ingila, wata doka ta 1955 ta wajabta a duba ginin kowace majami'a duk bayan shekaru biyar, kuma ana son a gwada lantarkinta a kan wannan tazara.

Injiniya kan fara ne da duba da ido. Yakan buɗe akwatin fis, ya nemi alamar ƙuna a jikin soket, ya kuma hau hasumiya da cikin rufi, inda ba kasafai ake shiga ba.

Daga nan sai a kashe wuta a yi awo. Akan tura wuta mai ƙarfin bolt 500 cikin layin domin a ga ko rigar wayar na yoyo. Akan kuma tabbatar da cewa wayar ƙasa, wadda ke janye wuta idan an sami matsala, ba ta tsinke ba.

Bayan an maido da wuta, sai a gwada na'urar da ke katse lantarki nan take idan ya fara zurara, a auna saurin katsewarta. Wasu masu bincike kan yi amfani da kyamarar da ke nuna zafi, wadda ke tona mahaɗar da ta saki.

Ƙarfen kariya daga tsawa shi ma yana buƙatar nasa gwajin. Tsawa ce aka fi zargi da haddasa gobarar majami'ar York Minster a watan Yulin 1984.

Bayan rahoto

Rahoton injiniya kan kasa matsaloli gida-gida: wadda haɗarinta ya riga ya bayyana, da ake magancewa nan take, da wadda za ta iya zama haɗari, sai kuma wadda gyaranta shawara ce kawai.

Gyaran kansa ba ya zuwa da sauƙi. Ba a fasa bangon tarihi yadda aka ga dama, domin sai an nemi izinin hukumomin coci. An daɗe ana fifita wata waya mai rigar jan ƙarfe a majami'u, saboda tana jure wuta kuma ɓera ba ya iya cinta, sai dai tana da tsada.

Wannan kuɗi yawanci mabiya ne ke tara shi, alhali adadinsu ya ragu a ƙauyuka da dama na Ingila. A nan ne jinkiri kan shigo, ko da yake kamfanonin inshora kan nemi shaidar cewa an yi gwajin.