Daga Sawun Raƙumi Zuwa Hayaƙin Jirgi: Waiwaye Daga Suleja

A zamanin kakanninmu, maniyyaci kan yi wa iyalinsa sallamar da ba a sa mata ranar dawowa. Yakan bi ta Borno da Wadai da Darfur, yana tafe yana ƙodago, har ya isa gaɓar Bahar Maliya bayan shekaru. Wasu ma a Sudan suka yada zango, zuriyarsu na can har yau.

Al'amarin ya fara sauyawa ne a watan Nuwamba na 1925, sa'ad da jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya soma jigila ta wannan birni. Daga nan sufurin sama ya yi ta bunƙasa a ko'ina: fasinjojin duniya, waɗanda ba su wuce miliyan 310 ba a 1970, sun kai biliyan 4.5 a 2019.

Mu a nan Magajiya, abin ya iske mu har gida. A 1976 aka ƙirƙiro sabon babban birnin tarayya, garinmu ya ba da ƙasa, ya ba da sunansa na Abuja, ya koma Suleja. Aka share daji aka shimfiɗa filin jirgi, Makka ta zamo tafiyar 'yan sa'o'i.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Kilo ɗaya na man jirgi, idan ya ƙone, yakan saki fiye da kilo uku na iskar kabon mai ɗumama duniya, kuma kusan kashi 2.5 cikin ɗari na wannan iska daga jiragen sama take fitowa. Ɗumamar kuwa, in ji masana, tana ƙara wa ruwan sama ƙarfi. Garin da cunkoso ya sa aka yi gini a kan magudanansa shi ya fi jin jiki, kamar yadda ambaliyar Yulin 2017 ta nuna mana a Suleja, inda aka yi asarar rayuka da gidaje.

Alhali kuwa, a 2018 kimanin mutum ɗaya cikin tara ne kawai ya hau jirgi a duniya. Kura ke nan da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba cewa muke a koma kan raƙumi ba. Amma tafiyar da jirgin ƙasa zai iya, irin ta Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, ya kamata a bar masa, jirgin sama kuma a keɓe shi ga nisan da ba makawa.