Gozaki: Yadda Mulki Yake Tara Jama'a a Gari

Gabatarwa

Wanda ya ga Gozaki a yau, mazaɓa ɗaya cikin Ƙaramar Hukumar Kafur, ba lalle ya san cewa tana cikin tsofaffin garuruwan kudancin ƙasar Katsina ba. Tarihinta yana nuna abin da yake sa gari ya cika da mutane, da abin da yake sa a yi masa nisa.

Gozaki a zamanin dā

Tun kafin jihadi, Gozaki da Maska suna cikin manyan garuruwan kudu. Yankin ya fi arewacin Katsina samun ruwan sama, ƙasarsa kuma tana karɓar dawa da auduga. Inda auduga take, nan masu kaɗi da masaƙa da marina suke taruwa, fatake kuma su biyo su. Irin wannan gari shi ne mazaunin mai sarauta: nan ake yanke shari'a, nan ake tara haraji a kai birni, nan kuma mutanen ƙauyuka suke fakewa in yaƙi ya taso. Saboda haka yawan jama'arsa ya dogara ga noma da sarauta tare. Masu jihadi sun ci Katsina wajen 1807, Ummarun Dallaji ya zama sarki, aka sake rabon sarautun ƙasar.

Abin da ya sauya

Turawan Ingila sun shigo Katsina a 1903. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906 zuwa 1944) aka tsara ƙasar gunduma-gunduma, aka bukaci kowane hakimi ya zauna cikin gundumarsa. Malumfashi ta zama mazaunin Galadiman Katsina, Sarkin Maska kuma ya koma Funtuwa. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya zuwa Gusau ya ratsa Funtuwa, aka kafa injin gurzar auduga a can. Manomin Gozaki bai daina noma ba, amma sikeli da kotu da baitulmali suna wani gari. Inda ofis ya sauka, can makaranta da asibiti da babbar kasuwa suka bi.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 sun bi wannan sawu. Jihar tana da ƙananan hukumomi 34, Kafur ce hedkwatar wadda Gozaki take ciki.

Misali daga ƙasar Farisa

Haka ya faru da biranen da suka fi Gozaki girma nesa. Ɗalibai sun san Shushan daga littattafan Esta da Nehemiya, fadar da aka mallaki larduna 127 daga cikinta. Da mulki ya tashi daga can, sannu a hankali birnin ya zama kufai. Garin Shush na ƙasar Iran da yake wurin yanzu, gundumarsa kaɗai yake shugabanta.

Batun ƙidaya

Ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe a Nijeriya, ta ba Jihar Katsina mutum wajen miliyan 5.8, Kafur da Funtuwa kuma kowacce fiye da 200,000. Lura fa, alkaluman na ƙaramar hukuma ne dungum, sun haɗa gari da ƙauyuka da gidajen gona. Shugaban da ya tsara aiki bisa sunan hedkwata kawai, zai tara ma'aikata a bakin titi, ya bar ɗimbin manoma a baya. Wajibi ne ya taka da ƙafarsa, ya tambayi masu unguwa da dattawa, ya san inda mutane suke zaune da gaske.

Tambayoyin nazari

1. Waɗanne ayyuka ne suke mai da gari cibiyar mulki?
2. Me ya ɗaga Funtuwa a ƙarni na 20?
3. A yankinka, wane tsohon gari ne hanya ta kauce masa, su wa kuma suke zaune a cikinsa yau?