run

Aikatau ne na Ingilishi. Asalin ma'anarsa gudu da ƙafa, amma ya yi rassa har babban kamus na Oxford ya lissafa masa ma'anoni 645. Ruwa na gudana, inji na aiki, duk run ne.

Run a shop: tafiyar da shago. Run for president: tsayawa takarar shugaban ƙasa, haka Ba'amurke ke faɗa, ɗan Ingila ya fi cewa stand. Run out of: abu ya ƙare wa mutum, kamar direban da fetur ya yanke masa a tsakiyar daji. Run into: yin kiciɓis da wani, amma in mota ake magana, karo ne, nan ɗalibai ke yawan tuntuɓe. In the long run: idan tafiya ta yi nisa.