Daga Yankan Shaiɗan zuwa Tarar Fam Ɗari

A kudancin Ingila, musamman gundumar Wiltshire, idan alkama da sha'ir suka fara nuna, manomi kan wayi gari ya tarar an kwantar masa da wani sashe na gona a zagaye. Ba a yanke karan ba, an dai danne shi ƙasa, ya murɗe ta fuska ɗaya, gefen da'irar kuwa tsaf kamar an auna da igiya. Da igiyar ma aka auna, amma sai da aka kwashe shekaru kafin a ji haka. Kafin nan an yi ta raɗa wa abin suna, kuma kusan kowane suna ya riga bincike nuna wanda ya aikata.

Mafi tsufa shi ne na wata ƙasida da aka buga a 1678, labarin wani manomi a Hertfordshire. Mai yankan hatsi ya faɗi kuɗin aikinsa, manomi ya ga tsada, ya ce gara shaiɗan ya yanka masa. Da dare aka ga gonar kamar tana ci da wuta, da safe aka tarar an girbe ta a zagaye. Sunan ƙasidar ke nan, Shaiɗan Mai Yanka. Masu son da'irorin nan suna kafa hujja da ita cewa abin ya daɗe, alhali a can yankewa aka yi, ba kwantarwa ba.

A Janairun 1966, kusa da garin Tully a Ostireliya, wani manomin ayaba ya ce ya ga abu ya tashi sama daga fadama, ya bar ciyawa a kwance a zagaye. Tun 1947 jaridu ke kiran irin abubuwan da ake cewa an hango a sama “faranti mai tashi”, don haka wannan ya zama “sheƙar faranti”. Wanda ya ce sheƙa ya gama magana: wani abu ya sauko, ya zauna, ya tashi. Wani Bature mai suna Doug Bower yana zaune a Ostireliya a lokacin, labarin ya zauna masa a rai. Bayan ya koma Southampton, can a ƙarshen shekarun 1970 shi da abokinsa Dave Chorley suka fara gina wa farantin sheƙa da hannunsu. Kayan aikin ba su da yawa: katako da aka ɗaura wa igiya a bakinsa biyu, mutum ya riƙe igiyar, ya taka katakon, ya kwantar da alkama taki bayan taki, sai hula mai ɗan zoben waya a gabanta don saita layi da wata bishiya a nesa. Rashin sawu, da ya yi ta rikita mutane, ba abin mamaki ba ne: kowace gona tana da layukan tayar tarakta da ake bari don feshi, ta nan masu aikin dare kan shiga.

Sunan da ya zauna, wato crop circle, da'irar amfanin gona, ana danganta shi da Colin Andrews a farkon shekarun 1980. A ganina ya ɗore ne saboda bai zargi kowa ba. Masanin yanayi Terence Meaden ya karɓe shi ya ce aikin wata irin guguwa ce mai ɗauke da lantarki. Bahaushe zai yi murmushi a nan, don a bakinmu “iska ce ta yi” na iya nufin ra'ayin Meaden, na iya nufin na abokan gardamarsa.

Sai a Yulin 1990 aka ga wani dogon zane a Alton Barnes, da'irori haɗe da miƙaƙƙun layuka da wasu rassa kamar haƙoran makulli. Guguwa ba ta jan layi miƙe, bayanin Meaden ya fara tangal-tangal. Aka koma kiran irin wannan da sunan da ake ba rubutun zane na mutanen da. Rubutu kuwa dole da marubuci, dole da saƙo, sai masu fassara suka yi caa. A shekarar ce John Michell ya fara shirya mujallar The Cerealogist, sunan da aka ciro daga Ceres, allahiyar noma ta Rumawa, aka maƙala masa jelar da ake sa wa fannonin ilimi. Babu jami'a, babu ma'auni, amma an samu rawani.

Kalmomin da suka fi ɗaure kai su ne “na gaske” da “na jabu”. A wurin waɗannan mutane, zanen da aka san mai shi jabu ne, komai kyansa. Na gaske shi ne wanda ba wanda ya amsa. A Satumbar 1991 Bower da Chorley suka tona kansu a jaridar Today. Kafin a buga labarin sun yi zane a gaban 'yan jarida, aka kira Pat Delgado, wanda suka rubuta littafin Circular Evidence da Andrews, ya duba ya ce na gaske ne. Masu imani ba su girgiza ba, suka ce tsofaffi biyu ba za su iya duk wannan ba. Gaskiyarsu, ba su kaɗai ba ne. Matasa irin su John Lundberg da Rod Dickinson sun ɗauki sana'ar, suna kiran kansu masu zane, har kamfanoni na biyansu su yi talla a gona. A 2001 aka wayi gari da zane mai da'irori 409 a Milk Hill.

Mai gona bai taɓa shiga wannan gardama ta suna ba. Shi ɓarna yake cewa, ta masu katako da ta 'yan kallo da ke biyo baya suna tattake abin da ya saura. Wasu kan ajiye akwati a bakin gona, mai son shiga ya jefa kuɗi. Wasu kan tayar da injin girbi da sassafe su aske zanen kafin labari ya bazu. A 2000 wata kotu a Wiltshire ta yi amfani da kalmar manomin, ta ci wani mai zane tarar fam 100 saboda lalata dukiya.