Wa Ya Share Wa Kankun Fili?

Ranar 15 ga Disamba, 2023, shugaban Meksiko na lokacin, Andres Manuel Lopez Obrador, ya hau jirgin ƙasa daga Campeche zuwa Kankun, ya buɗe kashin farko na layin dogon da ake kira Tren Maya. Bayan shekara guda magajiyarsa Claudia Sheinbaum ta buɗe ragowar, layin ya kewaye zirin Yukatan, sama da kilomita 1,500 cikin jihohi biyar. Har yau ƙura ba ta lafa ba. Gwamnati ta ce jirgin zai kwashi masu yawon buɗe ido daga bakin teku ya kai su ƙauyukan talakawa da kuɗinsu. Masu ninƙaya cikin koguna kuwa sun fito da hotunan ginshiƙan ƙarfe da kankare da aka kafa ta tsakiyar kogunan ruwa na ƙarƙashin ƙasa tsakanin Playa del Carmen da Tulum. An sare miliyoyin bishiyoyi, alhali shugaban ya yi alkawari ko guda ba za a taɓa ba. Kuɗin aikin ya ninka fiye da sau uku, kuma sojoji ne ke tafiyar da shi.

Abin da ake wannan taƙaddama a kansa shi ne hutun da kamfanonin tafiye-tafiye ke sayar wa masu hannu da shuni na Amurka da Turai. Baƙo ya sauka a Kankun, mota ta kai shi Valladolid, ya yi sammako zuwa Chichen Itza kafin motocin safa su iso, ya kwana a tsohon gandu da aka mayar otal, ya zaga Merida da Uxmal, sannan ya ƙarasa kwanakinsa kwance kan farin rairayin Tulum. Kufai, tsofaffin garuruwan Turawa, bakin teku: kaya uku a ɗauri ɗaya. Kowanne da hanyar da ya bi ya shiga ɗaurin.

Kufan sun fi tsufa. Tsakanin shekara ta 250 da ta 900 mutanen Maya sun gina manyan birane irin su Tikal da Calakmul da Palenque, suna da rubutu, suna da sifili a lissafinsu, suna bin tafiyar taurari. Biranen kudu suka watse, masana na ɗora laifin kan fari da yaƙe-yaƙe da ƙarewar daji. Ƙarfi ya koma arewa, inda Uxmal da Chichen Itza suka yi zamaninsu. Babbar dalar Chichen Itza tana da matakala 91 a kowace fuska huɗu, in an haɗa da dandamalin sama su zama 365, adadin kwanakin shekara. Wanda ya tsaya gaban matakalar ya tafa hannu, amsa-kuwwa za ta dawo masa kamar kukan tsuntsu, shi ya sa tun safe ba abin da ake ji a filin sai tafin 'yan rakiya da usur ɗin yumɓu na masu talla, mai gurnani irin na damisa.

Tulum tana da mutane sa'ad da jiragen Sifaniyawa suka gitta ta a 1518. Daga nan sai mamaya. Iyalan Montejo suka kafa Campeche a 1540, Merida a 1542, Valladolid a 1543. Garuruwan da ake yi wa kirari da kyan gini yau a kan garuruwan Maya suke zaune. Merida a kan birnin T'ho take, da duwatsunsa aka ɗaga babban cocinta. A Izamal, garin da aka shafe da rawayan fenti, an baje kan wata dala aka ɗora gidan limaman Katolika. A watan Yulin 1562 limami Diego de Landa ya tara littattafan Maya a Mani ya cinna musu wuta, kuma littattafai huɗu kacal suka rage a duniya, uku daga ciki suna Dresden da Madrid da Paris. Ganuwar Campeche da baƙi ke hawa da yamma, 'yan fashin teku ne suka sa aka fara gina ta a 1686.

Masu rubuta littattafan jagora sun fi son fara labarin yawon buɗe ido daga John Lloyd Stephens, lauya Ba'amurke, da abokinsa mai zane Frederick Catherwood, waɗanda suka ratsa yankin tsakanin 1839 da 1842. Stephens ya sayi kufan Copan na Honduras kan dalar Amurka 50. Littattafansu sun yi kasuwa, kuma sun cancanci yabo a kan abu ɗaya: sun tsaya kan cewa kakannin mutanen wurin ne suka yi waɗannan gine-gine, a lokacin da wasu Turawa ke jingina su ga Misirawa. Amma sun sa duniya ta san kufan ne kawai. Shekaru biyar bayan sun bar Tulum, gabashin zirin ya rufe wa farar fata ruf, kuma a nan ne asalin labarin yake.

A watan Yulin 1847 hukumomi suka kashe wani shugaban Maya, Manuel Antonio Ay, a Valladolid, bisa zargin shirya tawaye. Kwana huɗu bayan haka Cecilio Chi ya afka wa garin Tepich. Haraji, kuɗin da coci ke karɓa na baftisma da aure, da gonakin rake da ke cinye filayen masara, duk sun daɗe suna cin mutane a rai. Kafin tsakiyar 1848 mayaƙan Chi da Jacinto Pat sun kama mafi yawan zirin, mutanen Merida sun fara ɗaure kaya. Sai mayaƙan suka janye. Labarin da ya fi yawo, wanda ɗan ɗaya daga cikin shugabanninsu ya bayar daga baya, shi ne shinge ya fito, alamar damina ta sauka, manoma suka saɓa bindigoginsu suka koma shukar masara. Masana sun ƙara da ƙarancin guzuri da albarushi. Ko ta yaya, Merida ta samu numfashi, Meksiko ta aiko da taimako, aka shiga ramuwa. Har fursunonin Maya aka riƙa sayarwa zuwa gonakin Kuba.

Waɗanda suka tsira suka kutsa dajin gabas. A 1850, kusa da wata rijiyar dutse, suka taru a gindin wani gicciye da suka yi imani yana musu magana, suka kafa gari, Chan Santa Cruz. Ƙasa ce sosai mai cin gashin kanta, da sojojinta da shugabanninta, tana sayen bindiga da albarushi daga 'yan kasuwar mulkin Ingila da ke Belize ta yanzu. Tulum ɗaya ce daga cibiyoyinta, a shekarun 1870 wata mata, Maria Uicab, ke riƙe da ita. Shekara hamsin suna nan daram. Sai a 1901 Janar Ignacio Bravo ya shiga Chan Santa Cruz, a 1902 gwamnatin Porfirio Diaz ta yanke gabashin daga jihar Yukatan ta mayar da shi yankin tarayya, Quintana Roo. Yaƙi da annoba sun riga sun cinye mutane. Aka bar gaɓa mai tsawon ɗaruruwan kilomita ba hanya, ba gari, sai masunta da 'yan gonakin kwakwa da masu tsagar danƙon cingam a daji.

Yamma kuwa ta yi arziki. Henekin, wata shuka mai kama da kabar giwa, ana tsefe ganyenta a yi igiya, kuma injinan girbin alkama na Amurka igiyar suke ci. Sunan sisal ma daga tashar jirgin ruwan Sisal ya samo asali. Masu gandaye suka jera gidajen alfarma a titin Paseo de Montejo na Merida. Masu yankan ganyen kuwa bashi ya ɗaure su: a biya mutum da kwabban gandu da ba sa aiki sai a kantin maigida, ya mutu da bashi ɗansa ya gada. Da hannaye suka yi ƙaranci aka kwaso 'yan ƙabilar Yaqui daga Sonora, a 1905 aka shigo da Koriyawa sama da dubu. Janar Salvador Alvarado ya soke wannan bauta a 1915. Daga baya sisal ɗin Gabashin Afirka da Barazil, sannan igiyar roba, suka karya kasuwar, gandayen suka zama kangaye. A shekarun 1990 wani mai banki, Roberto Hernandez, ya sayi wasunsu ya gyara su otal. A Temozon aka sauki Bill Clinton a 1999 da George Bush a 2007. Baƙon da ke shan shayi a inuwar dogon bututun hayaƙin injin, kusa da siririn layin da alfadarai ke jan ganye, ya kamata a gaya masa su wa suka yi gumin, domin jikokinsu ne ke shimfiɗa masa gado.

Kufan ma sun zama kadara. Edward Thompson, ƙaramin jakadan Amurka, ya sayi gandun Chichen a 1894, har da kufan da ke ciki. Daga 1904 ya shiga yasar rijiyar tsafin birnin, ya fito da zinariya da duwatsu masu daraja da ƙasusuwan mutane, ya tura su gidan tarihin Peabody na Harvard. Gwamna Felipe Carrillo Puerto, wanda ke wa jama'a jawabi da harshen Maya, ya buɗe hanyar mota zuwa wurin a 1923, kafin a harbe shi a Janairun 1924. Fernando Barbachano ya fara tarar fasinjojin jiragen ruwa a tashar Progreso yana kai su kallo, ya gina otal ɗin Mayaland, daga baya ya sayi filin daga magadan Thompson. Sai a 2010 jihar Yukatan ta fanshe ƙasar da dalar ke tsaye a kai, kan peso miliyan 220.

Kankun ita ce auta. A ƙarshen shekarun 1960 Babban Bankin Meksiko na neman hanyar samun kuɗin waje, ya tura ma'aikatansa, ƙarƙashin Antonio Enriquez Savignac, su nemo wurin da za a gina garin shaƙatawa daga tushe. An fara aiki a 1970, Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya ba da rancen dalar Amurka miliyan 21.5, otal na farko suka buɗe a 1974, shekarar da Quintana Roo ta zama jiha. Masu zuba jari sun yi ɗari-ɗari, sai da gwamnati ta sa kuɗinta a otal ɗin farko.

Me ya sa nan? Amsar da ta fi shahara ita ce kwamfuta ce ta zaɓa, bayan an cusa mata bayanan zafi da ruwan sama da nisan tafiya daga biranen Amurka. Wasu su ce juyin juya halin Kuba na 1959 ne ya rufe Havana, Amurkawa suka rasa wurin zuwa. Wasu su ce jirgin sama mai gudu ne ya matso da Karebiyan kusa. Duka ukun suna da ƙamshin gaskiya, sai dai sun bayyana abin da ya sa ake neman wuri ne, ba abin da ya sa aka samu ba. Kwamfuta ba ta korar mutane. Ma'aikatan bankin sun tarar da mutum uku a tsibirin Kankun, masu gadin gonar kwakwa, da mutum ɗari da 'yan kai a ƙauyen masunta na Puerto Juarez. Ƙidayar 1970 ta sami mutum dubu 88 kacal a duk Quintana Roo. Ƙasa mai araha, mafi yawanta a hannun tarayya, ba mai gardama, ga kuma dubban magidantan Maya a yamma da faɗuwar henekin ta bari ba aiki, shirye su ɗauki bulo. Yaƙin 1847 ne ya share filin, igiyar roba ta samar da leburori. Abin da tallace-tallace ke kira aljannar da ƙafa ba ta taka ba, fili ne da aka yi rabin ƙarni ana zubar da jini a kansa.

Daga nan sai abu ya yi ta haihuwa. Guguwar Gilbert a 1988 da Wilma a 2005 sun ragargaza otal-otal, aka sake gina su da girma. A ƙarshen shekarun 1990 aka raɗa wa gaɓar kudu suna Riviera Maya, Playa del Carmen ta tashi daga mashigar kwale-kwalen Cozumel ta zama birni. A 2007 Chichen Itza ta shiga jerin sababbin abubuwan al'ajabi bakwai na duniya. Filin jirgin Kankun ya wuce fasinja miliyan 30 a 2022, jihar kuma ta haura mutum miliyan 1.8 a ƙidayar 2020. Arewacin zirin ba shi da koguna a sarari, duk ruwan shansa a ƙarƙashin dutse yake gudana, don haka ƙazantar garuruwa da ramin kowane ginshiƙi cikin randar jama'a suke sauka. Tun 2015 kuma ciyawar teku mai wari ke tuɗaɗowa gaɓa, ma'aikata su wayi gari da manjagara kafin baƙi su farka.

Sunan Maya yana kan jirgin, yana kan gaɓar, yana kan otal. Masu magana da harshen Maya na Yukatan sun kusa dubu 775, kuma da yawansu a ɗakin girki da ɗakin wanki da wurin gini ake samunsu. Kafin fara layin dogon an yi ƙuri'ar jin ra'ayi a Disamban 2019, sama da kashi 90 suka amince, amma ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce shawarar ba ta cika ƙa'ida ba, domin alfanun aka fi gaya wa mutane, aka sakaya illar. Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma gwamnatin da ta ɗauki sunan mutane ta manna wa jirginta ita ta fi kowa cancantar ta saurare su.

Chan Santa Cruz yau sunanta Felipe Carrillo Puerto, kuma jirgin yana da tasha a can. A ƙauyen Tixcacal Guardia da Chumpon, da cikin garin Tulum kansa, 'yan kilomita kaɗan daga otal-otal na bakin ruwa, jikokin mayaƙan suna nan suna karɓa-karɓar gadin cocinsu. Mutum ya bar gonarsa ya zo ya yi kwanakinsa, wani ya canje shi. Giciyoyin suna sanye da farar riga mai ado irin ta matan Maya, ana kunna musu kyandir, ana kawo musu abincin masara. Baƙon da ya zo ƙofa sai ya tuɓe takalmi da hula kafin ya shiga, kuma ba a ɗaukar hoto.