Sankarar Hanji da Dogon RNA Marar Umarnin Furotin

Sankarar hanji, wadda wasu ke kira ciwon dajin hanji, cuta ce da ke kama babban hanji da ƙarshensa na wajen dubura. Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2020 mutane fiye da miliyan 1.9 ne suka kamu da ita, fiye da dubu 900 kuma suka rasu. Galibi takan fara ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda kan ɗauki kimanin shekara goma kafin ya rikiɗe ya zama sankara. Abin da ya fi hallaka majiyyaci shi ne bazuwar cutar zuwa wasu sassan jiki, musamman hanta. A ƙoƙarin gano abin da ke ingiza wannan bazuwa ne masu bincike suka mai da hankali kan wani sinadari da ake kira dogon RNA marar umarnin furotin.

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam akwai DNA, wato kundin umarnin da aka gada daga iyaye. Ba a fita da kundin daga ma'ajiyarsa. Sai dai a kwafi shafin da ake bukata. Wannan kwafi shi ne RNA, kuma da shi ake haɗa furotin, wanda ke gudanar da ayyukan jiki. Da aka kammala karanta kundin ɗan Adam a shekarar 2003, sai aka tarar cewa ƙasa da kashi 2 cikin ɗari ne ke ɗauke da umarnin furotin. An daɗe ana ɗaukar ragowar a matsayin tarkace. Daga baya ta bayyana cewa ana kwafar wurare da yawa daga cikinsa, kuma duk kwafin da ya zarce harafi 200 amma ba ya haifar da furotin, shi ne dogon RNA da ake magana a kai. Aikin wasunsu ya yi kama da na magatakarda a ofis: ba shi ke gina rijiya ba, amma shi ke fito da wani fayil, ya kulle wani a cikin durowa.

Misali mafi shahara shi ne HOTAIR, wanda aka gano a Jami'ar Stanford ta Amurka a shekarar 2007. Yakan kama wani rukunin furotin mai suna PRC2, ya kai shi kan wasu sassan DNA, su rufe su. Idan HOTAIR ya yi yawa, har da umarnin da ke hana ƙwayoyin halitta barin mazauninsu ake rufewa. A shekarar 2011 masu bincike a Japan suka nuna cewa masu sankarar hanji da ke da HOTAIR mai yawa sun fi fuskantar bazuwar cutar zuwa hanta, kuma ba su cika daɗewa ba.

Akwai kuma CCAT1, da aka bayyana a shekarar 2012, da CCAT2 a 2013. Dukansu suna kan kuromosom na 8, kusa da wata ƙwayar gado mai suna MYC wadda ke umartar ƙwayoyin halitta su hayayyafa. Yawansu na ƙara wa MYC ƙarfi, sai tsiro ya yi ta girma babu birki. Shi kuwa MALAT1 a sankarar huhu aka fara gano shi a 2003, daga baya aka same shi da yawa a ta hanji.

Ya kamata mai karatu ya yi hattara a nan. Mafi yawan wannan ilimi daga ɗakin gwaji da jikin ɓeraye aka samo shi, kuma ganin sinadari da yawa a cikin tsiro bai isa hujjar cewa shi ya haddasa cutar ba. Fatan da ake da shi dai shi ne a riƙa gano alamar cutar a cikin jini ko bayan gida tun da wuri. An riga an yi irin haka a sankarar mafitsara ta maza, inda Amurka ta amince da gwajin fitsari na PCA3 a shekarar 2012. A sankarar hanji kuwa, magani ko gwaji na dogon RNA bai shiga aikin asibiti na yau da kullum ba. Duk wanda ya zo da wani magani yana cewa yana gyara RNA, a guje shi.

Hanyoyin da aka tabbatar su ne gwajin jini a cikin bayan gida da kuma leƙa hanji da na'ura, inda likita kan cire tsiro kafin ya zama sankara. A Amurka, tun shekarar 2021 ake ba da shawarar fara gwajin daga shekara 45. A karkararmu kuwa, jini a bayan gida akan ce basir ne, a yi wata da watanni ana shan jiƙo, sai cuta ta kai hanta a garzaya asibiti. Saboda haka ana kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi da su tura duk wanda ke ganin jini a bayan gida, ko yawan gudawa da taurin ciki na makonni, ko rama da ƙarancin jini ba dalili, zuwa babban asibiti mafi kusa domin a duba shi.